Launin Gashin Dabbobi da Zaɓin Ɗan Adam: Daga Jar Akuyar Sakkwato Zuwa Karen Koka na Ingila

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin da ake ɗaure bisashe a ranar kasuwa, a Gwandu ko a Kalgo, ya san cewa tun kafin mai saye ya taɓa gadon bayan dabba ko ya buɗe bakinta ya duba haƙora, idonsa ya riga ya yanke rabin hukunci. Launi ne abin da ya fara gani. Ga rago Balami fari fat, ga Uda wanda gabansa baƙi ne ko ja, bayansa kuwa fari, kamar an tsoma rabinsa a tukunyar rini. Ga 'Yankasa mai baƙin zobe a ido. A ɓangaren shanu ga Bunaji farare masu baƙin kunne, ga Rahaji jajaye masu dogon ƙaho, ga kuma Bokolo masu ruwan toka da gajeren ƙaho. Masu dawaki ma suna da nasu sunaye, irin su kili da akawal da gunya da danda da bidi.

Wannan maƙala za ta duba tambayoyi uku. Daga ina launi yake fitowa? Me ya sa wani launi kan yi tashe a wani zamani, sa'an nan a juya masa baya? Kuma wace riba ko hasara ake samu idan aka mayar da launi shi ne ma'aunin zaɓen dabbar da za ta yi barbara? Za a ɗauki misalai biyu da tarihi ya adana labarinsu: jar akuyar Sakkwato, wadda ƙasar Gwandu na cikin gidajenta na asali, da kuma wani ƙaramin karen farauta na Ingila da ake kira Koka Sifaniyel, wanda aka daɗe ana rubuta zuriyarsa da launinsa a littafin rajista.

Inda launi ke fitowa

A cikin fatar dabba, a gindin kowane silin gashi, akwai wasu ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda aikinsu shi ne haɗa rini. Sunan wannan rini melanin, kuma iri biyu ne kacal. Na farko shi ke ba da baƙi ko ruwan hanta. Na biyu shi ke ba da ja da rawaya da ruwan zuma. Duk launukan da ido ke gani a jikin akuya ko doki ko kare daga waɗannan biyun suka samo asali, gwargwadon yawan kowanne da kuma inda aka zuba shi.

Fari kuwa ba rini ba ne, rashin rini ne ko ƙarancinsa. Tun dabba tana tayi a cikin uwarta, ƙwayoyin da ke haɗa rini kan taso daga wajen gadon baya, su yi ta gangarawa har su game jiki. Wuraren da suka fi nisa, wato ƙafafu da ƙirji da goshi da kan wutsiya, su ne na ƙarshe da suke isa. Idan tafiyar ta yanke kafin su kai, sai wurin ya fito fari. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake yawan ganin doki mai farin goshi ko fararen ƙafafu, da kare mai farin ƙirji.

Abin da ke tsara wannan aiki shi ne ƙwayoyin gado, waɗanda kowace dabba ke karɓa biyu-biyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Masana sun gano kaɗan daga cikinsu da ke riƙe da ragamar launi. Akwai MC1R, wadda take kamar makunnin da ke umartar a haɗa baƙin rini. Akwai ASIP, wadda ke toshe wancan makunni a wasu sassan jiki ko a wasu lokuta, sai jan rini ya fito. Akwai TYRP1, wadda idan ta sami rauni baƙi kan koma ruwan hanta. Akwai kuma MITF da KIT, waɗanda ke da hannu a tafiyar nan ta ƙwayoyin rini, saboda haka su ke haifar da fari-fari a jiki. Abin lura a nan shi ne, dabba mai shayarwa tana da ƙwayoyin gado kimanin 20,000, amma waɗanda ke tsara launi ƙalilan ne daga ciki. Sauran su ke kula da girma da nono da haihuwa da jure cuta da ɗabi'a.

Mai rinjaye da mai lafewa

Hausawa kan ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma kuma su ne suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Kimiyyar gado ta gaskata zantukan biyu. A shekarar 1866 wani malami mai suna Gregor Mendel ya buga sakamakon gwajin da ya yi da wani nau'in wake a garin Brno, wanda yanzu ke cikin ƙasar Cek. Ya nuna cewa idan ƙwayoyin gado biyu masu saɓani suka haɗu a jiki guda, ɗaya kan yi rinjaye ta bayyana, ɗayar kuwa ta lafe. Wadda ta lafe ba ta mutu ba, tana nan tana jiran ranar da za ta gamu da 'yar uwarta.

A yawancin awakin da aka bincika, ja yana rinjayar baƙi wuluk. Alal misali, a kira ƙwayar ja J, a kira ta baƙi b. Akuya mai JJ ja ce. Mai Jb ita ma ja ce, ido ba zai bambanta ta da ta farko ba. Sai mai bb kaɗai ke fitowa baƙa. To, idan jan bunsuru mai Jb ya barbari jar akuya mai Jb, kowane ɗa da za a haifa yana da hanyoyi huɗu: JJ ko Jb ko bJ ko bb. Ke nan a cikin kowane huɗu, a bisa ƙiyasi, uku jajaye ne, ɗaya baƙi. Matar da jar akuyarta ta haifi baƙin ɗa ba lalle ne ta zargi bunsurun maƙwabta ba. Haka abin yake ga tumaki: fari ke rinjaye, shi ya sa farin rago da farar tunkiya kan haifi baƙin ɗa jefi-jefi. A shekarar 2008 masu bincike a Ostireliya suka nuna cewa farin tumaki ya samo asali ne daga ninkuwar ƙwayar ASIP.

Jar akuya da kasuwar fata

Tun ƙarnoni da suka wuce, jemammiyar fatar akuya daga ƙasar Hausa kan bi ayarin raƙuma ta ƙetare Sahara zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai. Da yake daga hannun fataken Maroko Turawa suka san ta, sai suka raɗa mata suna fatar Maroko. Masu yi wa littattafai bango da masu ɗinka safar hannu da takalma sun fifita ta saboda laushinta da ƙarfinta da kyan idonta. Bayan da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sai cinikin ya juya kudu, ta tashar jiragen ruwa ta Ikko.

Turawan mulki sun lura cewa mafi kyawun fatun daga jajayen awakin ƙasar Sakkwato suke fitowa, sai suka ƙudura tsarkake irin. Wani rahoto na shekarar 1929 a kan aikin ma'aikatar dabbobi a Lardin Sakkwato, wanda ƙasar Gwandu ke cikinsa a wancan zamani, ya nuna cewa a cikin wata biyar an dandaƙe bunsuran da ba jajaye ba fiye da 200,000, aka bar jajaye wajen 25,000 su ci gaba da barbara. A ƙetaren iyaka ma an bi irin wannan tafarki, har Jamhuriyar Nijar ta kafa cibiyar kiwon jar akuya a Maraɗi a 1963. Saboda haka jan da ake gani ya game garkunan yankin nan ba aikin yanayi ba ne kawai. Akwai hannun kasuwa da na hukuma a ciki.

Amma duk da wannan gagarumin aiki, baƙaƙen awaki da masu dabbare-dabbare ba su ƙare ba. Dalili na farko shi ne ba a taɓa matan ba, alhali rabin gado daga uwa yake. Dalili na biyu lissafi ne, wanda Hardy na Ingila da Weinberg na Jamus suka bayyana a 1908. A ƙaddara cewa a wani garke ƙwayar b ita ce ɗaya cikin goma. Baƙaƙen da za a gani da ido ɗaya ne kacal cikin 100. Amma jajayen da ke ɗauke da b a ɓoye sun kai 18 cikin 100. Mai dandaƙa yana iya kama ɗayan nan da ya bayyana, sha takwas ɗin kuwa su wuce ta gabansa yana yaba jansu.

Akwai wani abin da ya kamata a fahimta. Jan da ke jikin jemammiyar fata ba jan gashin akuya ba ne. Majemi yakan fara da cire gashin gaba ɗaya, ya jeme fatar da bagaruwa, sa'an nan a rina ta da karan dafi. Ingancin fatar yana cikin saƙar zaren jikinta da ƙanƙantar ramukan gashinta. Jan gashi alama ce kawai ta cewa dabbar ta fito daga zuriyar da aka sani da wannan inganci. Wani bincike da masana na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai suka buga a 2002 ya kwatanta jar akuya da baƙar akuya a yankin Maraɗi, bai kuwa sami wani bambanci na a-zo-a-gani tsakaninsu ba wajen haihuwa da girma. Har ila yau, akwai wata jar akuya ta Afirka ta Kudu mai suna Kalahari, wadda aka shigo da ita Nijeriya ana haɗa ta da ta Sakkwato. Launinsu ya yi kusa, amma asalinsu da girmansu daban. Wanda ya dogara da ja kaɗai zai ɗauka iri ɗaya ne.

Karen Koka: yayin launi a rubuce

Dalilin kawo misalin kare daga Ingila shi ne, masu kiwonsa sun fi shekara 100 suna rubuta uban kowane kare da uwarsa da launinsa, saboda haka ana iya bin sawun yayi da abin da ya haifar. Koka ƙaramin kare ne mai dogayen kunnuwa masu reto, wanda aka rena domin ya kutsa cikin sarƙaƙiya ya taso wa maharbi tsuntsu. Sunansa ma daga wani tsuntsun kurmi mai dogon baki ya samo shi, wanda Turawa ke kira wudkok. Wani baƙin kare mai suna Obo, da aka haifa a 1879, shi ake ɗauka a matsayin kakan irin na zamani, kuma a farkon shekarun 1890 ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Ingila ta amince da Koka a matsayin iri mai zaman kansa.

A jikin Koka lissafin ya juye. Baƙi ke rinjaye, ja da ruwan zinare su ke lafewa, domin sukan fito ne idan kare ya gaji raunanniyar ƙwayar MC1R daga iyayensa biyu. Don haka baƙaƙe biyu na iya haifar jan kwikwiyo, amma jajaye biyu ba su haifar baƙi. Ruwan hanta shi ma mai lafewa ne. Launi guda yana rinjayar dabbare-dabbare. Akwai kuma wanda fari da baƙin gashi suka cakuɗe a jikinsa, kamar dokin da Hausawa ke kira bidi, har ya riƙa ɗaukar ido kamar shuɗi. Irin wannan kwikwiyo da farin jiki mai ɗigon baƙi ake haifarsa, sai daga baya cakuɗar ta bayyana. A shekarar 2021 aka danganta ta da wata ninkuwa a cikin ƙwayar gado mai suna USH2A.

A zamanin Obo baƙi ne ke tashe. Daga baya wani makiyayi, H. S. Lloyd, ya lashe kambin gasar karnuka ta Crufts har sau shida: a 1930 da 1931 da bidin kare, a 1938 da 1939 da karya mai launi uku, a 1948 da 1950 da wata bidi. Wannan ya ɗaga darajar masu cakuɗaɗɗen launi a Ingila. A Amurka kuwa wani baƙin Koka mai suna My Own Brucie ya ci gasar Westminster a 1940 da 1941, kuma Koka ya riƙe matsayin karen da aka fi yi wa rajista a ƙasar daga 1936 zuwa 1952, ya sake riƙewa daga 1983 zuwa 1990. A 1946 Amurkawa suka raba nasu irin da na Ingila. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai jama'a suka raja'a a kan ja da ruwan zinare, kuma fim ɗin zane na kamfanin Disney na 1955, wanda jarumarsa Koka ce mai ruwan zuma, ya ƙara wa launin farin jini.

Ga inda gizo ke saƙa. Da yake ja mai lafewa ne, hanya mafi sauƙi ta samun jajayen kwiyakwiyi ita ce a haɗa ja da ja, kuma idan kasuwa ta buɗe ba kowa ke tsayawa duba hali ko lafiyar iyaye ba. A 1996 Podberscek da Serpell suka buga binciken da ya nuna cewa Koka masu launi guda sun fi masu dabbare-dabbare faɗa, kuma jajaye da masu ruwan zinare sun fi baƙaƙe. A 2023 wani nazari na Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Sarauta da ke Landan, wanda ya duba bayanan asibiti na karnuka fiye da 10,000, ya sami matsalar faɗa a kimanin 4 cikin 100 na dukkan Koka, amma a masu ruwan zinare ta kai kimanin 12 cikin 100. Masana sun kawo fassara biyu: ko dai ƙwayoyin launi suna da wata alaƙa da ɗabi'a, ko kuwa raba zuriyar masu launi guda da aka daɗe ana yi ne ya tara mugun hali a wasu gidaje. Ko wacce ce gaskiya, darasin ɗaya ne, wato kyan ɗan maciji.

Bugu da ƙari, yawan amfani da namiji guda saboda ya ci gasa ya yaɗa cututtukan gado masu lafewa a cikin irin, musamman wata cutar ƙoda da ke kashe kare tun yana ƙarami, da wata cutar ido da ke kai wa ga makanta. A yau ana gwada iyaye a ɗakin bincike kafin a haɗa su, domin a gane masu ɗauke da cutar a ɓoye.

Lokacin da launi ke da amfani

Wannan ba ya nufin launi banza ne. Farin gashi yana mayar da hasken rana fiye da baƙi, baƙar fata kuwa tana kare jiki daga ƙunarta. Bunaji ta haɗa biyun, farin gashi a bisa baƙar fata, abin da ya dace da zafin bazara na ƙasar Kabi. Shanun Turai na Hereford, masu farar fuska, waɗanda fatar idonsu ba ta da rini sun fi kamuwa da sankarar ido a ƙasashe masu zafin rana. Kili, dokin da sarakuna ke ƙauna ranar hawan Salla, da duhun launi ake haifarsa, sa'an nan ya yi ta yin fari yana girma. A 2008 masana a Jami'ar Uppsala ta Suwidin suka gano ƙwayar gadon da ke jawo haka, kuma an san cewa mafi yawan irin waɗannan dawaki kan sami ƙulluttukan melanin, musamman a ƙarƙashin wutsiya, idan sun haura shekara 15. A karnuka akwai wani launi mai roɗi-roɗi da ake kira mal, wanda idan kwikwiyo ya gaje shi daga iyaye biyu yakan fito kurma ko makaho. A irin waɗannan wurare launi saƙo ne da ya kamata a karanta.

Haka nan zaɓin jama'a yana da tushensa. Farin rago mai ƙaho yana da daraja ta musamman lokacin layya, domin hadisi ya zo da cewa Annabi (S.A.W.) ya yi layya da raguna biyu masu ƙaho, farare da surkin baƙi. Mai kiwon da ya yi la'akari da wannan bai yi kuskure ba. Kuskuren shi ne a bar launi ya zama shi kaɗai ne alƙali.

Darasi ga makiyayi da ɗalibi

Abu na farko, duk sharaɗin da aka ƙara wajen zaɓe yana rage ƙarfin sauran. Wanda ke da bunsura goma, ya ce sai ja wur, wataƙila uku za su rage masa, kuma mai yiwuwa wanda uwarsa ta fi nono da yawan tagwaye yana cikin bakwai ɗin da aka mayar taure.

Abu na biyu, bunsuru ko rago guda da aka bari shekara da shekaru saboda kyansa zai ƙare da barbarar 'ya'yansa da jikokinsa. A nan ne munanan ƙwayoyi masu lafewa ke haɗuwa, a fara ganin 'ya'ya raunana da yawan mutuwa. Maganin wannan shi ne musayar maza tsakanin ƙauyuka lokaci-lokaci.

Abu na uku, rubutu. Abin da ya ba masu Koka damar gane kuskurensu shi ne littafin rajista. Ɗan littafi guda ya isa a rubuta uwa da uba da ranar haihuwa da yawan 'ya'ya da launinsu da waɗanda suka rayu. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, kusa da Zariya, tana riƙe da garken jar akuya domin bincike, amma dukiyar irin tana hannun matan karkara ne, waɗanda su ke da mafi yawan awakin gida. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 kuma mazauninta ke kan hanyar Kalgo, yana iya gwada dokar Mendel ba tare da na'ura ba. Ya zaɓi gidaje ashirin, ya bi haihuwar jajayen awakinsu na shekara biyu, ya ƙidaya 'ya'yan da suka fito baƙaƙe, sa'an nan ya kwatanta nauyinsu da na jajaye a wata na shida.

Kammalawa

An ga cewa launi aikin rini biyu ne da ƙwayoyin gado ƙalilan, kuma launin da ya lafe yana iya ɓuya zuriya bayan zuriya. An ga kuma cewa farin jinin launi daga mutane yake: kasuwar fata ta ɗaukaka ja a Lardin Sakkwato, gasa da fim suka riƙa juya zukatan masu Koka daga baƙi zuwa bidi zuwa ruwan zinare. Yayi kan wuce cikin 'yan shekaru, amma zuriyar da aka dandaƙe saboda shi ba ta dawowa. Jar akuya ta cancanci a kiyaye ta, domin fatarta da yawan haihuwarta da jurewarta ga yanayin ƙasar nan. Hanyar kiyaye ta ita ce mai saye a kasuwar Gwandu ko ta Kalgo, bayan ya yaba launi, ya tambayi dillali: uwarta nawa take haifa, nononta ya isa, kuma 'ya'yanta nawa suka ga damina ta biyu?